Yatsa Ɗaya, Suna Goma Sha Ɗaya

Tun ƙarfe tara na safe ake magana guda a ofishin Kamfanin Tabbas da ke Sama Road a Sakkwato, ga shi rana ta take tsaka ba a kai ko'ina ba. Malam Junaidu, wanda aka ɗora wa shugabancin kamfanin don kawai ya fi kowa furfura, ya cire hularsa ya ajiye, ya mayar, ya sake cirewa. Shekara talatin ya yi yana biyan albashi a wani kamfanin gurzar auduga kafin kamfanin ya durƙushe. Ya yi zama da leburori masu jin yunwa, ya yi zama da manajoji masu jin kai, amma bai taɓa zaman da ya gajiyar da shi irin zama da masu hannun jari ba. Su huɗu ne tak, amma in suka fara sai ka rantse kasuwar Kara ce ta ci.

Shekarar alif ɗari tara da casa'in da bakwai ce, soja ke mulki, man fetur kuwa a ƙasar da ke haƙo shi sai an yini a layi. A irin wannan lokaci ne Ƙasimu, ɗan ƙanwar Malam Junaidu, ya dawo daga karatu a Zariya da wata manhaja da ya rubuta da hannunsa, wadda ke sa kwamfuta ta gane mutum da zanen babban yatsansa. Mutum ya ɗora yatsa a kan wani ɗan gilashi, ta adana zanen. In ya dawo wata rana ya sake ɗorawa, ta faɗa ko shi ne ko ba shi ba ne. Ƙasimu yana da kai, ba shi da ko sisi. Alhaji Lawwali, dillalin hatsi, shi ya zuba kaso mafi tsoka. Hajiya Mariyatu mai shagon atamfa da shadda ta zuba nata don uwar Ƙasimu ƙawarta ce. Malam Junaidu kuwa ya zuba abin da aka sallame shi da shi daga aiki.

Aiki ɗaya suka samu tun da aka buɗe kamfanin. Tsofaffin ma'aikatan kamfanin audugar nan da matan da suka bari suna karɓar fansho daga wani asusu, aka naɗa wani Manjo ya kula da shi, shi kuma ya rantse rabin sunayen na bogi ne. Ya ba Kamfanin Tabbas kwangilar tantancewa. A watan Afrilu aka ɗauki yatsun mutum dubu ɗaya da ɗari da arba'in. A watan Yuli Manjo ya ce kowa ya zo da ƙafarsa ya sake ɗorawa. Na'urar ba ta faɗa wa mutum komai a gabansa, don kada a yi rigima, sai dai ta rubuta a cikinta. Da aka buga sakamakon, mutum ɗari biyu da sittin da uku ta ce ba su ba ne.

A nan rigimar take. Abin da ake biyan kamfanin a kan kowane kai bai wuce kuɗin mai da takarda ba. Amma yarjejeniyar ta ce duk sunan bogin da aka cire, kashi ɗaya cikin biyar na fanshonsa na shekara na kamfanin ne.

Alhaji Lawwali ya buga tebur da tafin hannu ya ce, "Ni dai abu guda nika tambaya tun da sahe. Riba nawa ta cikin ɗari?"

Ƙasimu ya ce, "Alhaji, na hwaɗa maka. In an kai takardar ga kamar yadda take, kashi hamsin da takwas. In babu su, kashi shidda."

"To mi muka jira? Shidda! Ko buhun gero nis saya Illela nik kawo nan, na hi shidda. A kai wa Manjo takarda ran Litinin, a ba mu haƙƙinmu."

"Alhaji, adadin ya yi yawa. Furogiram ɗin ga ni na rubuta shi, na san kuskurenai. Cikin ɗari shina iya ɓata mutum biyu, ko ukku in yatsa ya goge. Amma kusan kwata? Akwai abin da ba daidai ba. Ku bar ni in sa kwamfuta ta gwada kowane yatsa da dukkan sauran, mu ga ko akwai yatsa guda cikin suna biyu. Kwana ukku za ta yi ba a kashe ta ba."

"Kwana ukku bisa janareto? Da wane mai? Kai ka san nawa aka sai da galan yanzu ga 'yan bumburutu?"

Hajiya Mariyatu ta gyara mayafi ta ce, "Ni ban gane muku ba. Da kunka zo shagona kun ce akwatin ga ba ya ƙarya. Yanzu ya hwaɗi abin da za mu ci riba, kai mai shi ka ce ƙarya yaka yi. To wanne za mu kama?"

Haka aka yi ta zagaye. Ƙasimu ya ja takarda ya zana musu layuka, Alhaji ya ture takardar. Alhaji ya ce yaran boko ba su san zafin nema ba, Ƙasimu ya ce sunansa ne a kan manhajar. Aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, kowa ya ƙara harzuƙa. Malam Junaidu ya bi su da kallo. Shi a ganinsa duka biyun suna da laifi, ɗaya ba ya jin komai sai riba, ɗaya kuma ba ya iya faɗin magana ba tare da ya zana ta ba. Don ya huta da su sai ya jawo takardar sunayen da aka ƙi, ya ɗora tabarau, ya fara bi da yatsa.

A shafi na uku ya tsaya. Kande, matar marigayi Mode mai gadi, Runjin Sambo.

Inna Kande ƙanwar mahaifiyarsa ce. Ita ta goye shi tun ranar da uwarsa ta rasu yana ɗan shekara biyu, ita ta yi ta kaɗi tana sayar da zare har ya gama makaranta. Shi da kansa ya ɗauko ta a tsohuwar Fijo ɗinsa ran tantancewa, ya riƙe ta har gaban gilashin.

Ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi a taro ba, ya ce, "Ƙasimu! Wanga wane irin shirme na? Inna ta bogi? Matar da tay yi goyon uwarka, ita akwatinka ka cewa babu ta?"

Ƙasimu ya karɓi takardar ya duba. Ya ce, "Kawu, shi na nika hwaɗi tun ɗazu. Kwamfuta ba ta ce babu ta ba. Cewa tay yi yatsan da anka ɗora ran Yuli ba shi na anka ɗora ran Afrilu ba. Ranar da anka ɗauki nata, ita ta zo da kanta?"

Malam Junaidu ya kawar da kai. Ya koma ya zauna a hankali, ya ɗauki hularsa ya sa. Alhaji Lawwali ya ce ai ko a buhun hatsi mai kyau akan samu tsakuwa ɗaya, a cire sunan tsohuwar kawai. Ƙasimu ya ce ba ya cire suna sai da dalili a rubuce, don Manjo zai tambaya. Aka tashi a kan ran Asabar za a yanke magana.

Abin da ya hana Malam Junaidu amsawa kuwa shi ne wannan. A makon ɗaukar yatsu ɗaya daga cikin gilasan ya lalace, Ƙasimu ya tafi Legas neman wani, ya bar aikin a hannun kawunsa da Ladi mai buga tafireta har kwana huɗu. Bazara ce, irin ta Sakkwato, wadda kwalta ke narkewa. Layi ya miƙe tun daga barandar makarantar da aka ara har bakin titi. Kuma kowa a garin ya san yadda ake yi: dattijo ba ya tsayawa a rana a yi ta tura shi. Yakan aiko ɗansa da kati, ko maƙwabci, a dangwala masa. Tsohuwa kuwa ko maganar fitowarta ba a yi. Haka Malam Junaidu ya biya albashi da fansho shekara talatin da tawada da littafi. A wurinsa dangwale shaida ce cewa kuɗi sun fita kuma za su isa gida, shi kuma ya san kowane gida da wanda ke cikinsa. Don haka da 'ya'ya suka zo da katunan iyayensu, ya ce wa Ladi ta karɓa, ai ya san su. Waɗanda ba su da ɗan aike kuwa, irin su Inna, da Abdulwahabu makaho, da Rahmatu mai ciwon ƙafa, shi ya tattaro katunansu ya ɗora nasa yatsan. Mutum goma sha ɗaya. Har daɗi ya ji ranar, yana ganin ya yi aikin lada, kuma gilashin bai ɓata masa hannu da tawada ba.

Yana tuƙi zuwa gida yana zagin kansa a fili, har wani ɗan kabu-kabu ya juyo ya dube shi. Ƙasimu ya yi bayani cewa kowa sai yatsansa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Amma Ƙasimu in ya fara bayani sai ya kai ka Zariya ya dawo da kai, shi kuwa Malam yakan gyaɗa kai ne kawai yana tunanin wani abu.

Manjo ya faɗa tun farko, kuma ba mutumin da ke maimaita magana ba ne: duk sunan bogi za a karanta shi a rediyo, duk wanda aka samu yana dangwale da sunan wani kuma bariki zai yi bayani. Malam Junaidu ya auna abin ta kowace fuska. In ya yi shiru, Alhaji ba zai taɓa yarda a ƙona man kwana uku ba, ba wanda zai san yatsan wa ke ciki. Takarda ta tafi, a raba riba, har shi a ba shi kasonsa. In ya yi magana, shugaban kamfanin tantancewa da kansa ne ya dangwala sau goma sha ɗaya. Shekara talatin kuɗin mutane na bi ta hannunsa ba a taɓa cewa kwabo ya yi ciwon kai ba, abin da ya mallaka ke nan a garin nan, ba gida mai bene ba, ba gona ba.

Bayan la'asar ya bi ta Runjin Sambo. Ya ishe Inna Kande a tsakar gida bisa tabarma tana tsince wake, rediyonta ƙarami a gefenta yana ta surutu. Ya durƙusa ya gaishe ta.

Ta ce, "Junaidu, kai na? Ina jin takunka na san akwai magana. Wai da gaske na abin da aka hwaɗi, za a kira sunayen ɓarayi ga rediyo?"

"Haka Manjo yac ce, Inna."

"Allah shi ƙara. Mutane ba su da tsoron Allah, su ci haƙƙin matattu. Ni kullum rediyon ga na kunne, in ji ko akwai wanda nis sani."

Ya dubi waken. Can ya ce, "Inna, in da za a samu tangarɗa, a tsai da kuɗɗin ga na ɗan lokaci, ai ni ina nan. Abin da kika karɓa bai kai abin da nika iya ba ki ba."

Ta ajiye faifan, ta juyo da fuskarta wajensa. "Kai ka san ba ni son maganar ga. Naka naka na, ka ba ɗiyanka. Wanga na Mode na. Shekara ashirin da bakwai shina tsaron ƙohwar mutane, ruwa da rana. Duk wata in an kawo mani, sai in ce Mode ya aiko. Mi za shi sa a tsai da shi? Ba kai kak kai ni na ɗora hannu ba?"

"Ni nik kai ki."

"To shi ke nan. Tashi ka ɗauko mani ruwa randa, ka zauna kana ta hura hanci awa wanda anka kora."

Ya ɗauko mata ruwan. Ya fita yana jin haushin kowa: haushin Manjo, haushin Ƙasimu da akwatinsa, haushin Alhaji da ribarsa, har da haushin Inna da ta ƙi ta zama irin tsofaffin da ake rufe wa baki da kuɗin cefane. Da yunwa ce kawai matsalar, da buhun shinkafa ya kashe ta. Amma ya ga yadda za ta zauna a kan tabarmar nan, ta kunna rediyo don ta ji sunan ɓarayi, ta ji nata.

Ran Asabar Alhaji Lawwali ya zo da shiri. Ya zo da sabuwar shadda da ƙaramin kalkuleta, ya kuma riga ya biya ta shagon Hajiya Mariyatu ya yi mata lissafin kasonta. Tun kafin a gama gaisawa ya fara.

"Na yi tunani. Yaron ga shina da gaskiya wuri guda, akwai kuskure. To kuskuren nawa na? Shi yac ce biyu ko ukku cikin ɗari. Mu cire ma Manjo talatin mu ce waɗanga muna shakka, tsohuwar Malam ta shiga ciki. Saura ɗari biyu da talatin da ukku. Riba ta sauka hamsin da ɗaya. Na yi haƙuri da bakwai, don zumunci."

Ƙasimu ya ce, "Waɗanne talatin, Alhaji? Wa za shi zaɓa?"

"Waɗanda munka sani mana!"

"Waɗanda ba mu sani ba hwa?"

"Su zo su yi ƙara. Ƙohwar Manjo a buɗe take."

Hajiya ta ce, "Ƙohwar bariki? Alhaji, kai kanka da motarka ba ka bi ta gabanta. Amma ni dai wata tara kuɗɗina na kwance cikin akwatin ga, ko ƙyalle bai haihwa mani ba. In ana ɗaga hannu, nawa na bisa."

Biyu ke nan. Ƙasimu ya ce shi bai yarda ba. Duk suka juyo wajen shugaba. Ga hanya Alhaji ya share masa, Inna ta fita, sunansa ya fita, ba wanda zai ji. Sauran goman da ya dangwala wa ma yana iya cusa su cikin talatin ɗin. Ya ji daɗin abin na ɗan lokaci, bai ɓoye wa kansa ba. Sai dai ya kwana biyu yana bin takardar nan suna bayan suna, kuma ya san su. Ya san wanda injin ya cinye wa yatsu biyu, ya san wadda ta haihu ranar da mijinta ya faɗo daga kan buhuna. 'Ya'yansu sun dangwala ne don shi ya ce wa Ladi ta karɓa.

Ya yi tsaki mai tsawo, ya ce, "Ƙasimu, tada janareto."

Alhaji ya ce, "Malam, mun hwa gama maganar mai."

"Minti goma. Ni ka biya."

Janareto ya tashi da hayaniyarsa, kwamfuta ta ɗauki lokacinta kamar kullum. Malam Junaidu ya ja kujera gaban gilashin, ya naɗe hannun riga. Ya ce, "Kira mani sunan Inna." Ƙasimu ya dube shi, ya buga sunan. Malam ya ɗora babban yatsansa na dama. Na'urar ta yi ɗan ƙara, rubutu ya fito.

Hajiya ta ce, "Mi tac ce?"

Ƙasimu ya ce, "Ta ce Kande ta."

"Kira Abdulwahabu, mai awo." Ya ɗora. Ta ce shi ne. "Rahmatu, matar Sule direba." Ya ɗora. Ta ce ita ce. Haka ya yi ta kira yana ɗorawa, ba ya duban kowa, muryarsa irin ta ranar biyan albashi. A na biyar Hajiya Mariyatu ta rufe baki da mayafi. A na takwas ta kasa, ta fashe da dariya har da hawaye, tana cewa, "Wayyo Allah, Malam, ashe kai na Rahmatu!" A na goma sha ɗaya ya janye hannunsa ya goge a riga.

Ya ce, "Akwatin bai yi ƙarya ba, furogiram ɗin yaro lahiya lau yake. Ni nib ɓata aikin. Waɗanga nawa na. Sauran, ɗiyansu sunka dangwala musu, da izinina. Ban ce babu na bogi ciki ba, ana iya samun goma ko ashirin. Amma takardar ga ba ta zuwa ko'ina da sa hannuna."

Alhaji Lawwali ya dubi kalkuletarsa, ya dubi Malam, ya sake duban kalkuleta. Sannan ya fashe.

"Innalillahi! Mun sayi na'ura don ta hana a dangwala wa wani, mun ɗauko shugaba, shi na sarkin dangwale! Malam, da karatunka? Da hurhurarka? Ni ban shiga aji ba, amma ko ni na san in an ce yatsanka, ba a ce na maƙwabcinka ba!"

"Ai kai ma direbanka kab ba katin yayanka ya kawo," in ji Malam Junaidu. "Shahi na shidda, layi na huɗu."

Alhaji ya fizgi takardar ya buɗe shafi na shida. Hajiya ta sake kifewa da dariya. Ya ajiye takardar kamar ta ƙone shi, amma bai sauko ba, don mutum ne da ba ya saukowa a gaban mace. Ya ce da Ƙasimu, "To yanzu riba nawa ta?"

"In za a sake ɗaukar mutum ɗari biyu da sittin da ukku, da kuɗɗinmu, kuma wasu sai an bi su gida, ukku. In mai ya ƙara tsada, babu."

"Ukku." Alhaji ya maimaita kalmar a hankali. Sannan ya kafa sharuɗɗansa, kuma ba wanda ya iya cewa bai yi daidai ba. Malam ya sauka daga shugabanci. Man da za a ƙona a cire daga kasonsa. Kuma shi, ba wani ba, zai tsaya gaban Manjo ran Litinin ya faɗi abin da ya faɗa a nan.

Ya tsaya ɗin. Awa uku aka bar shi a kan benci, wani kofur yana kallonsa, sannan aka shigar da shi. Manjo ya saurara bai katse shi ba, ya wanke shi tas a gaban ƙananan ma'aikata, da Turanci da Hausa, ya sa ya rubuta bayani shafi huɗu ya sa hannu. Ya ba kamfanin mako uku, ya ce in aka ƙara kwana ɗaya benci zai zama ɗakin kulle. Ba a karanta sunan kowa a rediyo ba. Amma Sakkwato ba ta buƙatar rediyo. Kafin Juma'a labari ya gama gari, kuma Malam Junaidu ya san ta shagon atamfa ya bi. A ƙofar masallaci wani tsohon abokin aikinsa ya miƙo masa hannu ya ce, "Rahmatu, ina ƙahwa?" Mutanen da ke tashi tsaye in ya shigo suka koma gaishe shi a zaune suna murmushi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, fiye da yadda ya zata.

Gidan Inna suka fara zuwa. Kwamfuta a kujerar baya an naɗe ta da bargo, janareto a but, Ƙasimu yana riƙe da gilashin a cinya kamar jinjiri. Sai da suka yi rabin awa suna jan waya daga zaure zuwa tsakar gida, hayaƙi ya kori kaji, maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Inna Kande ta toshe kunne ɗaya ta ce, "Wanga wace irin masiha ta kunka kawo mani? Sau nawa za a ɗora hannun ga? Junaidu, kai da ka saba, dangwala mani mana ku kashe abin ga."

Ƙasimu ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Malam Junaidu ya harare shi, ya durƙusa a gefen tabarma ya ce, "A'a, Inna. Wanga karon naki aka so. Ba ni hannunki."

Ta miƙo tana ƙunƙuni. Ya kama babban yatsan ya juya shi sama don ya goge mata shi da gefen rigarsa, sai ya tsaya. Wani tsohon tabo ne ya ratsa cikin yatsan daga gefe zuwa gefe, fari, ya shafe rabin zanen. Ya san labarin, an sha ba shi yana yaro: ranar da ya rarrafa ya jawo tukunyar kunu daga murhu, ta tare bakin tukunyar da hannu. Ya fi shekara hamsin bai dubi tabon ba, ran Yuli ma ta wuyan hannu ya riƙe ta.

Ya ce, "Ƙasimu, akwai tabo. Za ta karɓa?"

Ƙasimu ya leƙo, ya ɗora yatsan a kan gilashin a hankali, ya dubi abin da ya fito. Ya ce, "Ta karɓa, Kawu. Ai wanga ya hi sauƙi. Duk cikin dubun nan babu mai irinai, da shi za ta riƙa gane ta."

Inna ta ce, "To kun gama? Sakam mani hannu, wake na jira na."

Malam Junaidu bai saki ba sai da ta sake faɗa.